Kama da Wane Ba Ta Wane: Sabon Babur Cikin Tsohuwar Riga

Wanda ya ɗan daɗe a duniya ya san cewa yayi ba ya mutuwa, kewayawa yake yi ya komo. Ɗinkin da iyayenmu suka ninke cikin adaka don ya tsufa, shi ne yau samari ke kai ma tela su ce a yi musu irinsa. To, abin da ya samu tufafi ya samu babur. Shekaru ke nan manyan masana'antun Indiya da Japan da Ingila suna ƙera babura sababbi fil, amma da siffar na shekarun 1950 da 1960: fitila guda zagayayya, tanki mai kamar ƙwai, sirdi shimfiɗaɗɗe, salansa mai walƙiya, da ƙafafu masu wayoyi irin na keke. Faransawa na ce musu «rétro». Hotunansu sun cika wayoyin samarinmu, kuma a Yamai an fara ganin ɗai-ɗai bakin manyan biro-biro. Ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Indiya, da ma'aikata masu zuwa ƙaro ilimi Faransa, sukan tambaye ni wane ne ya fi cancanta a saya, tun da sun san ni da son dokin ƙarfe. Amsar ba ta tsaye-tsaye ba ce, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa ta cikin wannan fili.

Da mobilet na koyi hawa, kamar yawancin tsararrakina. Daga baya aiki ya ɗora ni bisa Yamaha DT 125, na yi shekaru ina ratsa rairayin ƙauyuka da shi. Babura huɗu da zan yi magana a kansu kuwa, uku na hau su a Indiya lokacin wata tafiya da ta ɗauke ni makonni, na huɗun a Faransa wajen wani aboki, kuma na zauna da masu su na ji abin da suke faɗi bayan ɗokin sabon abu ya wuce. Su ne Royal Enfield Classic 350, Honda CB350, Triumph Speed 400 da Triumph Bonneville T100.

Inda rigar ta samo asali

Siffar da ake kwaikwayo yau ta Ingila ce. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingilawa ne sarakunan babur, da sunaye irin su BSA, Norton, Triumph da Royal Enfield. A 1959 Triumph ya fito da Bonneville mai silinda biyu, cc 650, ya raɗa masa sunan wani filin gishiri na jihar Yuta ta Amurka, inda a 1956 wani mahayi, Johnny Allen, ya yi gudun da ya zarce kilomita 340 a awa da injin Triumph. Amma sarautar ba ta ɗore ba. A 1969 Honda na Japan ya fito da CB750 mai silinda huɗu, wanda ake tayarwa da maɓalli, ba ya ɗigar da baƙin mai a tsakar gida, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Cikin ƴan shekaru masana'antun Ingila suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Triumph da ke Meriden ta rufe a 1983. Wani attajiri maginin gidaje, John Bloor, ya sayi sunan, ya kafa sabuwar masana'anta a Hinckley, kuma a farkon shekarun 2000 ya maido da Bonneville kasuwa.

Labarin Royal Enfield ya fi ban mamaki. Kamfanin ya ƙera baburinsa na farko a 1901. A 1955 aka buɗe masa reshe a birnin Madras na Indiya, wanda yau ake kira Chennai, domin haɗa Bullet 350 da sojojin ƙasar ke bukata. Uwar kamfanin a Ingila ta mutu wajen 1970, ɗiyar ta Indiya kuwa ta ci gaba da ƙera babur ɗin nan dai, shekara da shekaru, kusan ba canji. Saboda haka lokacin da duniya ta waiwayo tana marmarin tsohuwar siffa, su ba su taɓa barinta ba. Kamfanin Eicher ya karɓi ragamar a 1994, kuma a shekarar kasuwanci ta 2024 zuwa 2025 Royal Enfield ya sayar da babura fiye da miliyon ɗaya. Ganin irin wannan ciniki ne ya sa Honda ya fito da CB350 a Indiya a 2020, Triumph kuma ya haɗa kai da Bajaj, mai Boxer ɗin nan da ƴan kabu-kabu suka sani, suka fito da Speed 400 a 2023.

Abin da ke ƙarƙashin rigar

Ga abu na farko da mai saye ya kamata ya sani: rigar ce kawai tsohuwa, jikin na zamani ne. Dokokin rage hayaƙi da suka tsananta a Turai daga 2016, da a Indiya daga watan Afirilu na 2020, sun kori karbireta daga irin waɗannan babura. A madadinsa akwai abin da bakanikai ke kira injeksiyon: famfon lantarki cikin tanki yana tura mai, wata ƙaramar kwamfuta tana auna yawan da za a fesa ma inji. Doka ta kuma tilasta ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an danne birki da ƙarfi. Masu ƙira sun san abin da ido ke so, sai suka ɓoye zamani cikin dabara. A Bonneville T120, yayan T100, an siffanta mafesar mai ta yi kama da karbireta sak. Tun 2016 ruwa ke sanyaya injin Bonneville, amma an siranta radiyatan an maƙale shi gaban inji, an kuma bar ma silinda haƙarƙarinta na ƙarfe kamar wadda iska ke sanyayawa.

Wanda ya fi riƙe tsohuwar ƙira shi ne Yamaha SR400, da aka fara a 1978, wanda har ƙarshensa da ƙafa ake tayar da shi. A 2021 aka daina sayar da shi a Japan, don biyan bukatun sababbin dokoki ya fi ƙarfin tsohuwar ƙirarsa. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin huɗun nan yana zaton ya samu baburin da babansa ke kwancewa ƙarƙashin bedi da sukundireba da filaya, to ya sayi wani abu daban.

Ba aibu ba ne. Babur mai injeksiyon yana tashi da safen ɗari ba gardama, yana shan mai kaɗan, ABS kuma ya ceci rayuka. Sai dai ya wajaba a auna shi da ma'aunin da kakanninmu ke auna doki a kasuwa: nawa ne kuɗinsa, yaya tafiyarsa take, kuma me zai ci a turke kowace rana.

Kuɗi

Lokacin da sabon Classic 350 ya fito a watan Satumba na 2021, farashinsa a Indiya ya fara daga rupi 184,000, wato wajen sefa miliyon ɗaya da jika 400 a canjin lokacin. Honda CB350 ya fito a 2020 da kusan wannan farashi. Speed 400 ya fito a 2023 a rupi 233,000, kamar miliyon ɗaya da jika 700. Bonneville T100 kuwa a Faransa ya haura Yuro 10,000, kuma tun da Yuro ɗaya sefa 656 ne, maganar ta wuce miliyon shida da rabi.

Amma ɗan kasuwa ya san farashin bakin masana'anta ba shi ne farashin ƙofar gida ba. Classic ɗin da ake sayarwa miliyon ɗaya da ɗoriya a Indiya, da ya isa Faransa sai da ya kai wajen Yuro 5,000, fiye da sefa miliyon uku. Mu da ba mu da teku, sai a ƙara kuɗin jirgin ruwa, kuɗin tashar ruwa, kuɗin mota zuwa iyaka, kuɗin duwan, sannan kart giriz da asirans da binyet. Kafin a ɗaura masa lamba, ƙaramin cikinsu ya ci kuɗin sababbin babura 125 uku ko huɗu.

To me ake samu a kuɗin? Girman injin Classic cc 349 ne, silinda ɗaya, ƙarfin doki 20. Na Honda cc 348, doki 21. Na Speed 400 cc 398, doki 40. Na T100 cc 900, silinda biyu, doki 65. In da yawan dawaki ake lissafi, Speed 400 ne ya fi araha nesa ba kusa ba, don da ƙarin kuɗi kaɗan ya ninka ƙarfin sauran biyun. T100 kuma ya fi su kyan aiki, wannan ba musu: fentinsa, ɗinkin sirdinsa, walƙiyar ƙarfensa, duk suna faɗin kuɗinsu. Tambayar ita ce ina za a saki dawaki 65 ɗin. Tsakanin Maraɗi da Damagaram, da garuruwa irin su Agye da Tasawa bisa hanya, da amalanke da awaki da ɗiyan lakwal masu tsallake kwalta, mai hankali ba ya wuce kilomita 90 a awa ko da wane inji ne ƙarƙashinsa. Ƙarfin da ba za ka taɓa mora ba, kuɗi ne da ka binne.

Hawa

Classic 350 na da nauyin kilo 195, kuma mutum zai san da haka ranar da zai tura shi ya juya cikin zaure. Amma da ya fara tafiya sai nauyin ya koma natsuwa. Injinsa mai dogon numfashi ne, yana bugawa a hankali kamar amon tambari, kuma tun ƙirar 2021 an sa masa wani ƙarfe mai daidaita bugun, wanda ya rage girgizar da aka san magabatansa da ita. Tsakanin kilomita 70 da 90 a awa yana tafiya irin ta taguwa, ba gaggawa ba gajiya, mahayi na zaune ƙyam kamar bisa kujera. Daga 100 zuwa sama ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Wanda ke son wuce doguwar motar albasa a hanyar Galmi sai ya hangi nesa ya yi lissafi tukuna. Babur ne mai koya ma mai shi haƙuri, kuma ni wannan hali nasa ya fi burge ni.

Honda CB350 kilo 181 ne, kuma komi nasa mai laushi ne. Kulocinsa yatsa biyu sun isa su ja shi, abin da mai ratsa cunkoson kasuwa sau huɗu a yini zai gode ma. Injin ba ya girgiza, birkinsa na kamawa daidai gwargwado, kuma yana juyawa cikin lungu da sauƙi fiye da Classic. Giyoyinsa dogaye ne, wato an tsara su don doguwar hanya, saboda haka a cikin gari sai mutum ya riƙa saukowa giya sau da yawa. In Classic dattijo ne mai magana da kauri, Honda ma'aikaci ne mai zuwa biro kan lokaci: ba ya ba ka labari, amma ba ya saɓa alkawari.

Speed 400 kuwa yaro ne da ya ari rigar kakansa. Giya shida gare shi, ruwa ke sanyaya injinsa, ƙafafunsa masu inci 17 ne irin na baburan tsere, nauyinsa bai kai na sauran ba. Yana son a murɗa masa wuta, kuma da an murɗa yana amsawa nan take. A kwana yana kwanciya kamar wanda ya san abin da ke ranka. Daɗinsa babu shakka, sai dai daɗi ne mai ingiza mutum, kuma hanyoyinmu ba su yafe ma wanda aka ingiza.

T100 kilo 228 ne. Sirdinsa na ƙasa-ƙasa, santimita 79, don haka gajeren mutum ma ƙafarsa na taɓa ƙasa. Ƙarfin jansa na nan tun daga ƙasa, ko a giya ta sama ka murɗa sai ya ɗauke ka ba tare da kuka ba. Bisa shimfiɗaɗɗun hanyoyin karkarar Faransa ban taɓa hawan abin da ya kai shi daɗi ba. Amma ina bisansa ina tunanin unguwanninmu, inda kwalta ke ƙarewa a bakin babban titi, sauran tafiya zuwa gida kuma rairayi ne da kwatami.

Nan ne dukansu huɗu suka zama ɗaya: dawakin kwalta ne. Classic da Honda na da ƙafar gaba mai inci 19, wadda ta fi iya haye rami da jar hanya mai tsakuwa, wannan ya ba su ɗan fifiko. Amma cikin rairayi nauyi shi ne abokin gaba. Babur 125 bai cika wuce kilo 120 ba. In ya kwanta mutum ɗaya ya tashe shi ya kakkaɓe riga ya wuce. Kilo 228 in ya kwanta a hanyar Dakoro, sai an jira masu wucewa. Kada kuma a manta cewa a wajenmu babur ba na mutum ɗaya ba ne. Uwargida za ta hau da goyo, buhun hatsi zai hau, ragon layya ma yakan hau. Sirdi dogo shimfiɗaɗɗe irin na Honda da T100 ya fi dacewa da wannan. Na Classic rabe yake gida biyu, kuma akwai nau'insa mai mazaunin mutum ɗaya tak.

Riƙo

Sayen doki rana ɗaya ne, harawa kullum ce. A nan ne ake raba gardama.

A fara da mai. Classic da Honda na yin wajen kilomita 35 da litir ɗaya. Tankin Classic litir 13 ne, na Honda 15, wato kowannensu zai tashi Maraɗi ya isa Damagaram, kilomita wajen 235, da sauran mai mai yawa. T100 na da tankin litir 14 da rabi, yana yin wajen kilomita 24 da litir, don haka tsakanin Yamai da Maraɗi, kilomita wajen 660, dole ya tsaya shan mai sau ɗaya ko biyu. Yawan man ba shi ne matsala ba, tsabtarsa ce. Tun 2011 muna da matatar SORAZ kusa da Damagaram, amma kowa ya san cewa nesa da manyan garuruwa kwalbar ƴan ruwa-ruwa ita ce tashar mai. Karbireta in ya sha ƙura ko ɗigon ruwa, sai a kwance shi a wanke a hura masa iska, cikin rabin awa an kama hanya. Famfon injeksiyon da mafesarsa ramukansu sun fi kan allura ƙanƙanta; in suka toshe ko famfon ya ƙone, ba wanki ba ne magani, sai sabo.

Sai batir. Babu ko ɗaya cikin huɗun da ke da abin bugawa da ƙafa. Zafin watan Afirilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gajarta ran batir, kuma in ya mutu murus famfon mai ba zai motsa ba, ko samarin unguwa duka sun taru sun tura. Sai ƙura. Triumph ya rubuta cewa a kai T100 garaji bayan kowane kilomita 16,000, amma an yi wannan lissafi ne don ƙasashen da ruwan sama ke wanke iska. Wanda ya bi hazon hunturu wata ɗaya ya san matatar iska ba za ta jira wannan adadi ba, kuma ƙurar da ta tsallake ta tana cin silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin kansa. Sai sanyaya inji: na Classic da Honda iska ce, babu radiyata da dutse zai huda, babu fanka, babu ruwan da zai tsiyaye. Abin da babu shi ba ya lalacewa.

Hatta ƙafa abin dubawa ce. T100 da yawancin nau'o'in Classic masu wayoyi ne da roba a cikin taya. Kowane mai faci na bakin hanya ya san aikinsu, kuma in rami ya lanƙwasa ƙarfen ana iya miƙe shi. Honda da Speed 400 ƙafafunsu na zubi ne, tayar ba roba a ciki. Ƙusa in ta shiga iska ba ta fita lokaci ɗaya, ana toshe hujin ba tare da an cire ƙafar ba, amma ƙafar zubi in ta tsage ta gama aiki. Haka nan saitin bawul na inji: a Classic da Honda da noti da sukundireba ake yi, aikin da duk bakaniken da ya ƙware a 125 zai gane, a manyan injuna na zamani sai an samu wasu ƴan faifan ƙarfe masu awo daban-daban, waɗanda ba a sayar da su a kasuwanninmu.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana, wato kayan gyara. Wani ɗan kasuwa abokina ya taɓa shigo da wani ƙaton babur na ƙasar waje, wanda duk inda ya tsaya sai yara sun kewaye shi. Wata rana fitila ta kama a allonsa, inji ya ƙi tashi. Bakanikai uku suka duba, kowa da abin da ya faɗa, don cutar sai an jona kwamfuta ake ganinta, kwamfutar kuma babu. Da aka gano, wata na'ura ce da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Damina guda babur ɗin ya yi a rufe da tabarma yana jiran ta iso, mai shi yana hawa kabu-kabu zuwa shago. Da ya tashi sayarwa kuma, masu sha'awa sun yi yawa, masu saye babu. Ribar da ake cewa irin waɗannan babura na riƙe darajarsu gaskiya ce a Delhi ko a Paris, inda akwai dillalai da garaji da dubban masu nema. Darajar kaya tana inda kasuwarsa take.

Tsohon da ke ƙofar gidanmu

Akwai wani abu da masu kallon hotuna a waya ba su lura da shi ba: mu ai ba mu taɓa rabuwa da tsohon babur ba. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin Honda suka zaga ƙasashen Asiya masu tasowa, suka ga yadda ake lodin babur da mutane da kaya, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, ba a kai shi garaji sai ya tsaya. Ba su ce mutanen su canja hali ba, sai suka ƙera injin da zai jure halin. Shi ne CG125 na 1975, mai sauƙin ƙira, mai matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. Da yawa daga cikin baburan China masu cc 125 da 150 da suka cika Maraɗi da Ƙwanni da Tawa jikokin wannan inji ne. Siffarsu ta shekara hamsin ce, fitila da tanki da sirdi duka, kuma a ƙasashen Turai akwai samari masu sayen irinsu su yi musu ado don su yi kama da na da.

Abin da ya sa iyayenmu suka ƙaunaci mobilet ɗinsu da Suzuki da Honda Roadmaster ba walƙiyar ƙarfe ba ce. Sun ƙaunace su ne don sun san cikinsu: daga kuka kaɗai mutum ke gane cutar, ya kwance buji ya goge, ya ɗaure sarƙa, ya kama hanya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma maganin yana cikin zumar, ba a jikin tulun yake ba. Sabon babur mai tsohuwar riga ya gaji tulun. Gwargwadon zumar da ya rage a cikinsa, wato sauƙin ƙira da sauƙin gyara, gwargwadon amfaninsa gare mu.

Shawarata

Da wannan ma'auni, ƙananan biyun ne a gaba. Ma'aikacin da ke zaune Yamai, gidansa da biro duk bisa kwalta, Honda CB350 zai fi ba shi kwanciyar hankali. Ɗan kasuwar da ke zuwa Indiya ko yake da mai zuwa, Classic 350 ya fi masa, don kayansa na da araha a can kuma suna ko'ina. Ya cika kusurwar jaka da matatun mai da na iska, da wayar kuloci, da takalman birki, da famfon mai ɗaya na ajiya, tun ranar da ya sayi babur ɗin. Ni kaina in zuciya aka bi Classic zan ɗauka, in lissafi aka bi Honda. Speed 400 na wanda ya riga ya ƙware a hawa ne kuma ya iya riƙe hannunsa. T100 kuwa dokin hawan salla ne: ya dace da mai wadatar da ke da wani abin hawan na kullum, wanda in ya tsaya wata uku ba abin da zai tsaya masa. Wanda aikinsa ke cikin daji, ko abincin gidansa ke bisa ƙafa biyun nan, ya riƙe 125 ɗinsa da daraja, ya canja masa baƙin mai kan lokaci. Babu wanda ya fi shi dacewa da ƙasar.

Kafin a biya ko dala, a je wajen bakaniken unguwa a nuna masa hoton injin, a tambaye shi ko zai iya, a kuma saurari amsarsa da kyau. Kada ma'aikaci ya ɗaure albashin shekara uku a banki saboda abin da ya gani a waya. Kuma duk wanda aka zaɓa, tsoho ne ko sabo, a sayi hular kwano tare da shi, don kwalta ba ta san farashin babur ba. Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.